"Turo Min Ayyukanka In Gani": Inda Sabbin Masu Dizain Ke Faɗuwa Jarrabawa

Kwanakin baya wani ƙanin abokina ya same ni ransa a ɓace. Yaron ya shafe wata shida yana koyon dizain. Ya fara da PixelLab a waya, ya koma Canva, daga baya ya samu wata tsohuwar laftof ya shiga CorelDRAW. Hannunsa ya faɗa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai aka haɗa shi da wata Hajiya mai sana'ar yogot da kunun aya, tana son ta sabunta takardar da ake mannawa a jikin robobinta. Magana ɗaya ta yi masa a WhatsApp: "Turo min ayyukanka in gani."

Gogan naka ya shiga ma'ajiyar hotunan wayarsa, ya kwaso sun fi hamsin ya antaya mata. Akwai katin ɗaurin aure, akwai fastar barka da Juma'a, akwai ta taya wani murnar zagayowar ranar haihuwa, har da sanarwar rasuwa. Ta buɗe, alamar ta yi shuɗi, daga nan shiru kake ji. Bayan kwana uku ya samu labarin ta ba wani aikin. Da ya bincika, ashe wancan shafi takwas kacal ya tura mata a fayil ɗaya, kuma uku daga ciki robobin abin sha ne.

Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, ya fi wancan iya aiki. Na ce masa mai yiwuwa ne, amma Hajiya ba duba take yi ba. Abin da aka nuna mata shi ta gani, kuma ba a cinikin biri a sama.

Wannan fayil mai shafi takwas shi ne 'yan sana'ar ke kira fotfoliyo, wato kundin ayyuka. Tarin zaɓaɓɓun ayyukanka ne da ka jera su da tsari domin wanda bai san ka ba ya gane abin da za ka iya yi masa. Na ga ya dace mu tattauna a kansa a wannan makon, domin abubuwan da ke faruwa a kasuwar dizain sun sa rashinsa ya zama asarar kuɗi kai tsaye.

Kasuwa ta cika, kuma ta canza

A da, mai son shiga wannan sana'a sai ya samu kwamfuta, ya yi zaman koyo a maɗaba'a ko shagon buga takardu, ko kuma ya karanta fannin a makaranta irin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ke da sashen da ake koyar da zane-zanen masana'antu. Tun da Canva ta fito a 2013, sannan wayoyin Android suka bazu, ƙofar ta buɗe wa kowa. Yau duk unguwar da ka shiga a Kano ko Kaduna ko Jos akwai matashin da ya rubuta "dizaina" a ƙarƙashin sunansa na Facebook. Wannan abin farin ciki ne, amma ma'anarsa ita ce kalmar "na iya" ta daina yin tasiri, tunda kowa ita yake faɗa.

Ga kuma shirye-shiryen horarwa. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan 3, aka fara da rukunin mutum 30,000, kuma tsara fuskar manhaja na cikin abubuwan da ake koyarwa. Ban da shi akwai ajujuwan WhatsApp da Telegram da ba su ƙirguwa. Kowanne yana yaye ɗalibai da satifiket. To idan mutum ɗari suka zo da satifiket iri ɗaya, mai ba da aiki da me zai bambance su? Da abin da kowa ya yi da hannunsa.

Sannan ga ƙirƙirarriyar basira. Daga 2022 zuwa yau, manhajoji irin Midjourney da ChatGPT da Firefly na kamfanin Adobe sun kai matsayin da mai shago zai rubuta jimla biyu ya samu fasta cikin minti ɗaya. A Janairun 2025 Dandalin Tattalin Arziƙi na Duniya ya fitar da rahotonsa kan makomar ayyuka, bayan jin ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata sama da 1,000, inda ya sanya masu dizain ɗin zane a jerin sana'o'in da ake hasashen za su fi saurin raguwa zuwa 2030. A cikin rahoton dai, masu tsara fuskar manhaja da yadda ake amfani da ita sun shiga jerin waɗanda za su fi saurin ƙaruwa.

Wasu sun ga wannan labari sun ce shi ke nan, sana'a ta mutu. Ni ban fahimce shi haka ba. Hasashe ne na manyan kamfanoni, kuma kasuwar Kantin Kwari ba da agogonsu take tafiya ba. Amma akwai gaskiya a ciki da ya kamata mu haɗiye ko da tana da ɗaci. Aikin da ke mutuwa shi ne na ɗauko tsarin da wani ya riga ya yi, a canza suna da hoto a karɓi dubu biyu. Aikin da ke da sauran rai shi ne na wanda zai zauna da mai kaya, ya fahimci su waye masu sayen kayan, ya yanke shawarar kala da rubutu da girma, ya bi aikin har maɗaba'a ya fito daidai. Irin wannan tunani ba ya bayyana a hoto ɗaya da aka ɗora a sitatus. A kundi ake nuna shi.

Ƙari a kan haka, zaɓen 2027 na ƙaratowa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san lokacin siyasa kaka ce ga masu fasta da bana da riguna da huluna. Waɗanda za su kwashi manyan ayyukan su ne waɗanda tun yanzu akwai abin da za su nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ake zubawa a ciki?

Kuskure na farko shi ne tunanin yawa shi ne ƙwarewa. Mai duba kundi ba ya auna ka da aikinka mafi kyau kaɗai, yana auna ka da mafi rauni ma, domin yana tunanin watakila irinsa za ka yi masa. Ayyuka shida zuwa goma masu kyau sun ishe ka. Ka fara da wanda ka fi alfahari da shi, ka rufe da mai bi masa, domin na farko shi ke sa a ci gaba da dubawa, na ƙarshe kuma shi ke zama a rai.

Na biyu, kowane aiki ya zo da ɗan bayani. Layi uku ko huɗu sun wadatar: wa aka yi wa, mece ce matsalarsa, me ka yi, da wace manhaja. Misali, mai kilishi yana son kayansa su shiga manyan kantuna, amma ledarsa ba ta da tambari kuma ba wurin sa lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ka nuna tsohuwar ledar, ka nuna zanen farko da ka yi da biro a takarda, ka nuna tambura biyu da ka gwada ka watsar, sannan ka nuna wanda aka buga. Wannan jerin shi ne shaidar cewa akwai ƙwaƙwalwa a bayan aikin. A zamanin da na'ura ke fitar da hoto mai sheƙi kyauta, zanen biro ɗin nan da kake jin kunyar nunawa ya ƙara daraja.

Na uku, ka san wa kake nema. Mai son aiki da kamfanonin abinci ya cika kundinsa da kwalaye da robobi da ledoji. Mai son aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu ya nuna ya iya tsara rahoto mai shafi ashirin, da jadawali, da ƙasidar wayar da kai. Mai son Kannywood ya nuna fastar fim da hoton bangon bidiyon YouTube. Mai son tsara manhaja ya nuna fuskokin da ya yi a Figma da dalilin da ya sa ya ajiye kowane maɓalli inda ya ajiye shi. Ba laifi ba ne ka iya duka, amma ka ajiye babban rumbu ɗaya, duk wanda ya tambaya ka tsamo masa abin da ya shafe shi. Da ƙanin abokina ya yi haka, da Hajiya ba ta ga sanarwar rasuwa ba alhali robar yogot take nema.

A shafin farko ka sa sunanka na gaskiya, da abin da kake yi a jimla ɗaya, da garin da kake. A na ƙarshe ka sa lambar waya da imel. Imel ɗin kuma ya zama mai ɗauke da sunanka, a bar laƙabin makarantar sakandare ya huta.

"Ai ni ban taɓa samun kwastoma ba"

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma tana da hujja. Ba a ba ka aiki sai an ga kundi, ba ka da kundi sai an ba ka aiki. To ta ina za a fara?

Ka ƙirƙiri aikin da kanka. Ka zaɓi sana'a ɗaya, ka raɗa mata sunan da babu shi, ka yi mata komai: tambari, katin kasuwanci, takardar rasit, allon shago, leda, da hotuna uku na Instagram. Masu karatun dizain a manyan makarantu ma da irin wannan suke cika kundinsu na farko. Sharaɗi ɗaya ne, ka rubuta a fili cewa aikin gwaji ne. Haka nan idan ka sake zana tambarin wani sanannen kamfani don nuna basira, ka faɗa cewa ba su suka sa ka ba.

Sannan ka duba kusa da kai. Yayarka mai turaren wuta da humra, maƙwabcinka mai gyaran waya, Islamiyyar unguwa da za ta yi saukar karatu, ƙungiyar ƙwallon layinku. Waɗannan mutane ne na gaske da buƙatu na gaske, kuma za su ce maka "wannan kalar ba ta yi min ba", wanda darasi ne da ba a koyarwa a YouTube. Idan aikin ya fito, ka je ka ɗauki hotonsa a inda yake aiki: allon a saman shago, sitika a jikin kwalba, bana a wurin taro. Hoto ɗaya na gaske ya fi guda biyar na irin hotunan gwajin da ake saukewa a intanet, waɗanda kowa ya san bangon gilashin nan ba a Kurna yake ba.

Sai dai a nan akwai tarko. Da yawa daga masu kuɗi sun gano kalmar "za ka samu abin sawa a kundinka" suna ci da gumin yara da ita. Ka yi kyauta ga wanda ka ga dama, sau biyu ko uku, da saninka da yardarka. Amma mai kamfanin da ke biyan kuɗin haya da na talla, idan ya ce ba shi da na mai zane, rainin sana'a ne kawai. Ko kaɗan ne ka karɓa, kuma ka karɓi rabi kafin ka fara.

Kundin waya da intanet

Mu faɗi gaskiya, mafi yawan kwastomominmu a waya za su duba aikinka, a cikin shago ko a mota, da data da suke lissafinta. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara kaffa-kaffa da abin da suke saukewa. Fayil mai nauyin megabayit tamanin ba wanda zai buɗe. Ka haɗa kundinka a PDF ɗaya, ka matse shi ya dawo ƙasa da megabayit goma, ka buɗe shi a ƙaramar waya ka gani ko rubutun na karantuwa ba tare da an ja shi da yatsa ba. Ka sa wa fayil ɗin sunanka, domin idan aka tura wa wani a san mai shi. Idan kuma hoto za ka tura a WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, saboda in ka tura shi yadda aka saba manhajar na rage masa inganci.

Bayan PDF, kana buƙatar adireshi a intanet. Behance, wanda Adobe ya saya a 2012, kyauta ne, kuma an gina shi ne domin a nuna aiki daki-daki daga farko zuwa ƙarshe. Nan ne masu ɗaukar aiki daga Legas ko ƙasashen waje suka fi saurin fahimta. Dribbble ya fi karkata ga masu tsara manhaja. LinkedIn na da amfani ga mai neman aikin ofis ko na ƙungiyoyi. Idan kana harin Fiverr ko Upwork, can ma samfurin aikinka ake fara dubawa kafin a karanta dogon bayaninka. Ga kasuwar gida kuwa, Instagram da Facebook da jerin kaya na WhatsApp Business sun fi kai wa ga mai shago.

Amma ka raba shafin aiki da na rayuwa. Wanda ke son ba ka aikin dubu ɗari biyu ba ya son ya ratsa ta cikin faɗanka da magoya bayan Barcelona da zagin 'yan wata jam'iyya kafin ya iske tambarin da ka zana. Kuma ga 'yan'uwa mata da ke wannan sana'a, waɗanda kullum ƙaruwa suke, shafin aiki daban da layin kasuwanci daban na rage damun masu shigowa da "salam, ya kike" ba tare da niyyar ciniki ba. Ba dole ba ne ki sa hotonki, aikinki ya isa ya yi magana.

Wani abin da muke mantawa shi ne duk waɗannan shafuka gidan haya ne. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, daga baya abin ya shafi wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A Maris 2024 lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta jefa Afirka ta Yamma cikin matsala na kwanaki. A Mayun 2025 kuma labari ya fito cewa kamfanin Meta ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Najeriya saboda tarar da hukumomi suka ci shi. Ba a kai ga rufewar ba, amma darasin ya fito. Ban da wannan, kullum muna ganin waɗanda aka yi wa kutse ko aka sace musu waya suka wayi gari aikin shekara biyu ya tafi. Ka ajiye asalin fayilolinka a wuri biyu aƙalla: Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, sannan ka samu filash ka ajiye a gida.

Takarda ba ta mutu ba

Wani zai ce a wannan zamani wa ke yawo da kundin takarda? Amsa ita ce wanda ke son aikin Alhaji. Manyan 'yan kasuwarmu da shugabannin makarantu da masu maɗaba'a har gobe sun fi yarda da abin da suka riƙe a hannu. Ka miƙa wa mutum waya, zai duba hoto biyu kira ya shigo. Ka ajiye masa kundi a kan tebur, zai buɗe, ya shafa, ya kira yaronsa ya ce zo ka gani. Kuma takarda ba ta jiran caji ko sabis.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan ƙarfi. Kundin takarda shaida ce cewa ka san bugu. Fuskar waya da haske take haɗa kala, daga ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK. Shi ya sa koren nan mai ƙyalli da ka gani a laftof yake fitowa a dushe, kwastoma ya ce ba abin da ya gani ke nan ba. Hoton da za a buga a takarda ana son ya kai ɗigo 300 a kowane inci, in ba haka ba fuska ta fito dishi-dishi. Ana barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma ba a kai rubutu bakin takarda. Kafin ka kai fayil ɗin CorelDRAW maɗaba'a, ka mayar da rubutun ya zama zane, domin in kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi, za ta musanya maka da wani. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin sake buga kati dubu daga aljihunsa ba ya manta waɗannan.

Ba sai ka kashe dukiya ba. Takarda da tawada sun yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, saboda akasarinsu daga waje ake shigo da su. Kwafi ɗaya ko biyu sun isa. Ka buga shafi goma zuwa goma sha biyu a girman A4 a takarda mai kauri, ka sa a fayil mai aljihunan leda yadda za ka iya cire wani ka sa wani. Ka fara buga shafi ɗaya na gwaji kafin sauran. A aljihun baya ka zuba samfura na gaske: katin biki, sitika, kwalin da aka naɗe. Sannan ka buga ƙananan katuna masu ɗauke da lambar QR da ke kai mutum shafinka, ka bar wa duk wanda ka nuna wa kundin. Ta haka takarda da intanet ke taimakon juna.

Mai shakkar tasirin aikin da ido ya gani ya tuna da Lemi Ghariokwu. Matashi ne da ya koya wa kansa zane a Legas. A 1974 wani ɗan jarida ya ga zanensa, ya nemi ganin sauran ayyukansa, ya kai shi wurin Fela Kuti. Daga nan ya zana bangon faifan Fela guda 26, sunansa ya zaga duniya. Da aka ce ya nuna, yana da abin nunawa.

Abin da muke da shi a gida

Idan ka zagaya shafukan sabbin masu dizain ɗinmu, za ka ga kusan duk kama ɗaya suke: kala iri ɗaya, salon rubutu iri ɗaya, hoton Bature riƙe da kofin shayi. Alhali abin da zai bambanta ka da dubban masu Canva yana ƙofar gidanku.

Ɗauki rubutun Hausa kawai. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa kake ganin allunan da aka rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko harafi ɗaya ya fito daban kamar baƙo a tsakiyar kalma. Mai dizain ɗin da ya san salon da ke ɗauke da waɗannan haruffa, irin jerin Noto na Google, ya kuma san cewa a Nijar ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, yana da abin sayarwa ga ƙungiyoyin lafiya da na ilimi da kafafen yaɗa labarai da ke aiki da Hausa. Haka ajami. Akwai salon rubutu mai suna Alkalami da aka ƙera bisa irin rubutun hannu na yankin Kano, kuma kyauta ne. Mutum nawa ne a Legas za su iya tsara sanarwa da boko da ajami ba kuskure? Ka sa shafi ɗaya na wannan a kundinka.

Ga kuma adon da muka gada: dagin Arewa, zanen bangon gidajen Kano da Zariya, aska takwas a babbar riga, ɗinkin hula, shuɗin marinar Ƙofar Mata. Ba cewa ake ka liƙa dagi a kowane aiki ba, wannan ma ya zama gajiya. Ka nazarci yadda masu ɗinki da magina suke jera layi da kala, ka fitar da naka.

Kayan aro ba ya rufe katara

Dole a faɗi wannan. Akwai masu sauke aikin wasu daga Pinterest ko Behance su goge suna su sa nasu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Binciken hoto a Google na tona asiri cikin daƙiƙa, kuma ranar da aka ba ka aiki irin wanda ka ce kai ka yi, ranar za a gane. Ban da zubewar mutunci, Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma zane na cikin abin da take karewa.

Idan kun yi aiki ku biyu, ka faɗi ɓangaren da ka yi. Idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fitar da hoto, ka faɗa, ba abin kunya ba ne, iya sarrafa ta ma ƙwarewa ce da ake nema. Kuma ka nemi izinin kwastoma kafin ka wallafa aikinsa, musamman kayan da bai fito da su kasuwa ba tukuna. Katin biki kuwa, ka rufe sunaye da lambobin waya da adireshin gidan mutane kafin ka ɗora. Sirrin amarya ba kayan tallarka ba ne.

Saƙo ga masu horarwa

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Da yawa daga masu koyar da dizain, na gwamnati da na kuɗi, suna koyar da inda ake danna maɓalli ne kawai, a ƙarshe a ɗauki hoto da satifiket a watse. Kamata ya yi sharaɗin yaye ɗalibi ya zama kundi mai ayyuka aƙalla shida, ɗaya daga ciki an buga shi a maɗaba'a, ɗaya kuma an yi wa ɗan kasuwa na gaske. Hukumomin da ke kashe kuɗi a kan horarwa su riƙa tambayar ɗalibai nawa ne suka fita da kundi, nawa ne suka samu aikin farko da aka biya su. Adadin waɗanda suka yi rajista ba ya ciyar da kowa. Su kuma waɗanda suka riga suka yi nisa a sana'ar, duba kundin ƙane na minti goma da faɗa masa gaskiya ya fi "masha Allah, ya yi kyau" guda ɗari a ƙarƙashin hoto.

Ƙanin abokina dai ya koma ya zauna. Daga hotuna hamsin da wani abu ya tsamo bakwai, ya ƙara biyu na gwaji, ya buga kwafi ɗaya. Har yanzu Hajiya ba ta dawo ba, watakila ma ba za ta dawo ba. Amma kundin na cikin jakarsa, PDF ɗin na cikin wayarsa.

Kai fa? A ƙarshen makon nan ka buɗe wayarka, ka zaɓi ayyuka shida, ka rubuta layi uku a ƙarƙashin kowanne, ka tura wa mutum ɗaya da ka san ba ya jin kunyar faɗa maka gaskiya. Abin da ya ce a cire, ka cire.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.